Lawwali da Tagogin Taragona

"Jirgin ƙasa? Haba Hajiya! Ni da jirgin ƙasa ai kamar ciki ɗaya munka fito. Daga Ikko har Nguru babu taragon da bai san hannuna ba. In na doso tasha, tun daga nesa direba ke danna mini jiniya, yana gaisuwa."

Lawwali ke nan, a rumfar da nake sai da tuwo bakin tashar Illela, loma a bakinsa, hannu cikin miyata. Ku da ba ku san shi ba, bari in zana muku shi. Dogo ne, siriri, wuya kamar na zalɓe, ga fensir a bayan kunne wanda tun da nake ban taɓa ganin an fere shi ba. Kafinta ne, in dai mai haɗa akurkin kaji da bencin mai shayi kafinta ne. Amma shi Injiniya yake kiran kansa, kuma duk garin shi kaɗai ke kiran kansa haka. Mu Lawwali Ƙusa-Goma muke ce masa, don inda ƙusa ɗaya za ta riƙe, shi goma yake bugawa, tara su lanƙwashe.

Za ku ce mi ya kawo zancen jirgi a garin da ko layin dogo bai taɓa ratsawa ba. Taragona ne ya kawo shi. E, tarago gare ni, na gaske, na fasinja. Maigidana Alhaji Mukhtari mai albasa, Allah ya jiƙansa, shi ya tafi Ƙauran Namoda wata shekara kan zancen kaya, ya tarar ana gwanjon tsofaffin ƙarafa, ya dawo mini da tarago a bayan tirela. Ranar da anka sauke shi a filinmu na hanyar kara, har 'yan canji sai da sunka bar sefarsu, kuɗin Nijar, kan tebur sunka biyo kallo. Na ce, "Alhaji, mi za mu yi da wanga?" Ya ce, "Tasalla, duk ranar da jirgi ya iso Illela, mu za a tarar da shiri." Jirgi bai iso ba, Alhaji ya riga shi tafiya.

Cikin taragon abin sha'awa ne. Bango duk katako ne ja mai duhu, da santsi kamar ƙwaryar da ta sha hannu. Kujeru biyu-biyu suna kallon juna. Abu ɗaya ya rasa, tagogi. Ramuka ne kawai jere dama da hagu, iska ta shiga nan ta fita can, kajin unguwa su shiga su yi ƙwai su fito suna shela.

Ɗiya mata Allah ya ba mu, don haka da anka zo rabon gado, ƙanin Alhaji, Maccido, yana da nasa kaso. Shi Maccido in ya kalli tarago ba tarago yake gani ba, sikeli yake gani.

"Matar yaya, wanga ba ɗaki ba ne, ƙarfe ne. A yanka shi a auna, kowa ya ɗauki nasa."

"Kai za a yanka a auna, mu ga ko za ka kai buhun gawayi. Gidan abinci zan buɗe ciki."

"Gidan abinci babu taga? Hadari ya taso ya cika miki miya da rairayi?"

Mai unguwa ne ya raba mu. Ya ce zuwa Lahadin ƙarshe kafin azumi, ranar kasuwa, in tarago ya samu tagogi masu buɗewa da rufewa, kuma anka ga mutane zaune ciki suna cin abinci da kuɗinsu, to ya shiga kasona da na ɗiyana, Maccido ya ɗauki gonar Araba. In ba haka ba, a yanka. Na ce na yarda, da ƙarfi, a gaban maza. Sai da na dawo gida na cire mayafi na tuna ban san kafinta ko ɗaya da ya taɓa shiga jirgi ba.

To kun ji halin da nake ciki ranar da Lawwali ya buɗe baki a rumfata. Na ƙara masa miya, abin da ban taɓa yi wa kowa ba, na ce, "To Injiniya..."

Wallahi sai da na ga kunnensa ya motsa.

Da ya faɗi ladan aikinsa, sai da na waiga in ga ko da wani yake.

"Wanga ai na sayen jirgin ne da direbansa."

"Hajiya, ilimi ake saye."

"Ilimin haɗa akurki? Ji nan. Tuwo safe da rana har ka gama. Guntayen katakon da sunka rage naka ne."

"Da nama?"

"Da romo."

"Hajiya, ko ƙashi dai."

"Ƙashi ran Juma'a. Sannan duk inda na gan ka, ko tsakiyar kasuwa ce, Injiniya zan kira ka, da ƙarfi, yadda na Ƙonni za su ji."

Ya tsame hannu daga miya. "Har gaban 'yan kabu-kabu?"

"Su ma fa nake nufi."

"An gama."

Na koma gida ina yaba wa kaina. Ni da na taɓa sa Bafillace ya sayar mini da saniya yana kuka, ban san ranar ce anka ci ni ba.

Washegari ya zo da wata jaka mai nauyi kamar zai yi wa tarago tiyata. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa nan, ya sa kunne can, har sansana shi ya yi. Sannan ya tsaya gabana ya girgiza kai kamar mai kawo saƙon rasuwa.

"Hajiya, an yi miki sata."

"Mi anka sata?"

"Tagogi. Duka. Irin wanga tarago da tagoginsa ake ƙera shi. Tun kafin ya hau tirela anka kwance su. Aikin gwanaye ne, dubi, ko alamar ƙusa ba su bari ba."

Na duba. Gaskiya babu alamar ƙusa.

"Ni na ma san su," in ji shi. "Amma ba zan faɗi suna ba, akwai zumunci."

A saman kowane rami akwai wasu 'yan kunnuwa biyu na tagulla da sunka leƙo ƙasa daga cikin bango. Na ce, "Waɗanga fa, na mi ne?"

"Na rataye hula ne. Turawa da son hula! Za su tare mini sababbin tagogi."

Ya sa filaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana murɗewa, ya zuba a aljihu. Yana tafiya yana kacau-kacau kamar jakin mai tallan gishiri.

Sai awo. Na ce ina tef ɗin awonsa, ya ce tef na 'yan koyo ne. Ya je wurin wani ɗan kabu-kabu ya karɓo baƙar robar nan ta tsohon tub ɗin taya da suke ɗaure jarka da ita. Ya ja ta daga wannan gefen rami zuwa wancan, ya danne da babban yatsa, ya kama hanyar shagonsa da ke bayan tasha yana riƙe da ita a gaba kamar mai ɗauke da ƙwai. A hanya kuwa, duk wanda ya miƙo hannu sai ya gaisa da shi. Ya saki, ya gaisa, ya sake dannewa inda Allah ya nufa.

Ni ban san haka ake ciki ba. Na kama akuyata, uwar garke, mai haihuwar biyu-biyu, na kai kara na sayar, na sayo katako mai kyau na ba shi.

Ran da ya kawo tagogin a amalanke, da rawar kafaɗa ya zo. Baraka mai fura, maƙwabciyata kuma aminiyata, ta bar ƙwaryarta ta zo kallo. Anka sauke. Jama'a, babu biyu da sunka yi kama da juna. Wadda ya yanka bayan ya ci tuwona, da ƙarfi a hannu ya ja roba, ta fito kamar ƙofar gareji. Wadda ya yanka da yunwa ta fito kamar murfin akwati. Akwai wata da samanta ya fi ƙasanta faɗi, ita ban san a wane hali ya yanka ta ba.

Ya ɗauki ta farko ya kara a rami, ta rufe ramin da rabin na kusa da shi. Ya ɗauki ta biyu ya kara, ta wuce ta faɗa ciki.

Baraka ta ce, "Tasalla, wagga ta shiga da kanta, ko tikiti ba ta yanka ba."

Lawwali bai ko yi gezau ba. Ya ja da baya, ya rufe ido ɗaya, ya dubi tarago.

"Na gane. Ba tagogina ke da laifi ba, ramukan ne sunka motsa. Zafin Illela ne. Ƙarfe yana numfashi, Hajiya. Da safe ya shaƙa, da rana ya fesar. Sai mun jira ya natsu."

"Akuyata fa, Injiniya? Ita ma numfashi take?"

"Hajiya, ki bar wa masana."

Kafin ƙarfe ya natsu, ya ce bari ya taɓa aikin ciki. Ranar na tafi Garu sunan ɗiyar ƙanwata. Da na dawo da la'asar na leƙa tarago, sai na ɗauka idona ne. Kujerun nan da ke kallon juna, duk ya kwance su ya jera su sun fuskanci gefe ɗaya, kamar masu jiran allura a asibiti.

"Lawwali! Mi na wanga?"

"Injiniya dai, Hajiya, alkawari ne. A jirgi kowa direba yake kallo."

"Ina direban?"

"Ko babu shi. Ƙa'ida ce."

"Mutum huɗu sun sayi kwano ɗaya, ta ina za su ci? Na gaba ya miƙa wa na baya loma ta saman kai? Ko kana so Buzu ya zo daga Agadas ya biya kuɗinsa ya ci tuwo yana kallon ƙeyar wani?"

Ya ce ba a taɓa yi masa gardama a Kafanchan ba. Na ce nan Illela ce, ya mai da mini kujeruna yadda ya same su kafin in mai da masa wuyansa yadda bai same shi ba. Ya mayar. Sai dai notunan da ya kwance babu su, ashe su ya ba ɗan kabu-kabun nan a madadin roba. Don haka ya koma ga abin da ya iya. Kwana da kwanaki unguwa ba ta ji kiran salla sosai ba saboda bugun ƙusa. Da ya gama, akwai kujera ɗaya da in ka zauna a wannan bakin, wancan bakin sai ya tashi ya gaishe ka.

Cikin wannan bugu ne ya ga wani gari-gari yana zubowa daga tsagar da ke saman ramukan tagogi. Ya tara hannu, ya shinshina, ya ɗanɗana.

"Gara!"

"Wace gara? Shekara nawa tarago na nan ba ta ci shi ba?"

"Garar jirgi ce, Hajiya. Ba ta cin abu a bainar jama'a. Daga ciki take farawa, ranar da za ki sani, sai dai ki ga kina zaune a fili."

Kafin in ce a'a ya tafi gareji ya dawo da jarkar baƙin mai, wanda anka juye daga cikin manyan motoci. Ya sa mazurari ya bi kowace tsaga ya ɗura mata har sai da ta yi amai. Man nan ya bi jan katakon Alhaji yana gangarowa kamar hawayen mai kwalli. Wari kuwa, ko ƙuda in ya zo ƙofa sai ya yi sallama ya juya. Ni da Baraka munka ɗaura zane a ƙirji, munka shiga da toka da soso da sabulu. Mu goge yau, gobe ya sake tsattsafowa.

Muna cikin gugar ne Maccido ya zo wucewa a kan babur. Ya tsaya, ya toshe hanci da bakin rawani.

"Matar yaya, sannu da aiki. Ana canza taya a nan?"

"Ana canza ƙannen miji, kawo kanka."

"Na riga na yi magana da Jabir mai gwangwan. Ya ce ran Lahadi da wutar yankansa zai taho, kada a yi wahala biyu."

Ya ja babur ya tafi yana dariya. Na yi masa daƙuwa har ya sha kwana. Amma da Baraka ta koma ga furarta, na zauna a kujerar ƙarshe ta gefen yamma, inda Alhaji ke zama da butar shayinsa da rediyo, yana leƙen hanya kamar gaske tafiya ake. Na dubi ramuka, na dubi tulin katakon akuyata. Na ce a raina, Tasalla, bakinki ya ja miki. Korar Lawwali kuwa ba ta taso ba. Akuya ta tafi, katako ya yanku, kuma na riga na kira shi Injiniya a gaban 'yan kabu-kabu. In na kore shi, ni za a yi wa dariya.

Ana jibi kasuwa ya zo da dabarar ƙarshe. Ya ce tunda ƙarfe ya ƙi natsuwa, za a bi shi da lalama. Ya buga guntun katako mai kauri a gindin kowane rami, dama da hagu, don ƙananan tagogi su samu abin hawa. Manyan kuma ya rataye su ta waje da waya, in iska ta kaɗa suna tafi. Rami ɗaya na tsakiya, mai kallon hanya, shi ya zaɓa ya ce samfur ne, shi za a nuna wa mai unguwa. A nan ya zauna wuni guda. Ƙusar da ya zuba a gefunan ramin nan, da ta gina masallaci.

Lahadi ta zo. Na ce ko za a yanka, ba za a yanka ina zaune hannu rabbana ba. Tun da safe na ɗora tukwane bayan tarago, tuwon shinkafa da miyar taushe, ga ta sure ga mai so, na yanka kaji. Kasuwa ta cika, shanu na wucewa, 'yan Nijar na shigowa da amalanke. Kowa ya zo sai ya rage tafiya, ya dubi tarago da tagogi na lilo a jikinsa kamar layu a wuyan ɗan dambe, ya yi gaba. Ko mutum ɗaya bai taka matakala ba.

Da hantsi sai ga su. Mai unguwa a gaba da sandarsa, Maccido cikin shadda kamar ango, Jabir mai gwangwan a baya, gajere mai faɗin ƙirji, yana tura kura da tulunan gas da wata guduma da kanta ya kai tulun ruwa.

Mai unguwa ya dubi tarago ya daɗe. Mutumin kirki ne, ba ya son ya ga mace ta ji kunya. Ya ce, "Lawwali, buɗe mana ɗaya mu gani."

"Ranka ya daɗe, yanzu kuwa. A matsa baya, jama'a, a ba ilimi wuri."

Ya shiga ciki, ya je bayan samfur, ya sa yatsa ɗaya ya tura. Taga ta fito gaba ɗayanta, ta yi sallama da tarago, ta faɗi tim a gaban mai unguwa. Ƙura ta tashi.

Wani ya yi tari. Maccido ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Sai ga kan Lawwali ya fito ta ramin, da dogon wuyan nan, fensir na nan a kunne.

"Jama'a, wanga shi ake kira buɗewar gaggawa. A jirgi, in gobara ta tashi, ba a tsayawa neman sakata. A Zariya sai da anka tafa mini kan wagga dabara."

Mai unguwa ya dube ni. "Tasalla, kin gani."

"Na gani, ranka ya daɗe."

Maccido ya goge ido ya ce, "Jabir, bismilla."

Jabir ya ce bari ya fara jin kaurin ƙarfen, ya san ta inda zai sa wuta. Ya tofa yawu a hannu, ya ɗaga gudumar nan, ya sauke ta a haƙarƙarin tarago. Gam! Wallahi a ƙirjina na ji ta.

Sai munka ji wani abu cikin bango. Kurrr, kamar cikin mai yunwa. Daga can ƙarshe, wani abu ya zubo daga sama ya ture 'yar tagar Lawwali ya rufe ramin farko. Garam! Na biyu, garam! Na uku! Suna tahowa a jere kamar ana kiran suna. Jama'a sunka watse, wata saniya ta tsinke igiya. Lawwali ya juya kai yana kallon abin na matso shi, bakinsa bai daina ba.

"Kada kowa ya firgita! Na faɗa muku ƙarfe yana numfa..."

Garam!

Tagogi ne. Tagogin tarago na asali, na jan katako masu haƙarƙari, irin waɗanda iska ke shiga ruwa bai shiga. Ashe duk shekarun nan suna sama cikin bango, tura su ake yi su shige, tsatsa da gidan zanzaro sunka riƙe su. Man Lawwali ya jiƙa su, gudumar Jabir ta tashe su. Ko tsaga ɗaya babu a jikinsu.

Ta tsakiya kuwa ta sauko ta zauna kan guntayen katakon da ya buga a gindi, ta bar daidai wurin wuya. Ba ta shaƙe shi ba, ba ta kuma bar shi ba. Kai a waje, saura a ciki.

"Wayyo Allah! An kama ni! Jama'a, wa ya riƙe ni?"

Baraka ta zauna a ƙasa don dariya, tana dukan cinya. Ni kuwa na taka har gabansa, na riƙe ƙugu.

"Injiniya, ba kai kac ce an sace su ba? Har ka san ɓarayin?"

Ya juya ido sama ya ga abin da ke kan wuyansa. Ku ji mutum.

"Tsoro sunka ji, Hajiya. Da sunka ji aikin na hannuna, sunka maido."

Baraka ta tashi ta ɗauko muciya, ta sa a ƙarƙashin taga ɗaya ta ɗaga. Ta tafi sama sumul. Ta jawo ta, ta sauko. Mai unguwa da kansa ya gwada da sandarsa, sama, ƙasa, sama, ƙasa, har sai da anka tuna masa girmansa. Ya ce, "Tagogi dai ga su, suna buɗewa suna rufewa."

Ban da ta Lawwali. Ita ta sauko ta cije cikin ƙusoshin samfur. Kunnuwan tagullar da ake kamawa a ɗaga kuwa, shi da kansa ya murɗe su. Maza uku sunka gwada, hannu na zamewa a baƙin mai, shi kuma yana ihu a yi a hankali da kunnensa.

Jabir ya ce, "Abu mai sauƙi. In kunna wuta in yanke gefen."

Ni da Lawwali munka ce "A'a!" a tare. Shi don gemunsa, ni don tagata. Anka ce sai jak ɗin Abdulmalik bakanike, shi kuwa ya tsallaka Ƙonni ɗauko wata mota. Anka tura ɗan kabu-kabu ya nemo shi.

Maccido ya gyara shadda.

"Ranka ya daɗe, sharaɗi biyu ne. Tagogi mun gani. Ina masu cin abinci?"

Gaskiyarsa. Ciki babu kowa sai ƙafafun Lawwali. Amma waje fa? Labari ya riga ya zaga kasuwa cewa jirgin Tasalla ya kama mutum. Dillalan shanu, Fulani da sandunansu, Buzaye, masu albasa, 'yan canji da damin kuɗi a hannu, duk sun yi cincirindo suna kallon kai a jikin tarago. Wani tsoho ɗan Nijar ya matso ya leƙa fuskarsa ya ce, "To ina sauran shi?"

Anka ce, "Yana ciki."

Sai na ga taron nan ya juya ya nufi ƙofa. Ban san lokacin da na riga su ba. Na tsaya kan matakala, na gitta ludayi.

"Kallon kai kyauta ne. Mai son ganin saura, sai da kwano a hannu. Naira ko sefa, duk ina karɓa. Baraka, zuba!"

Jama'a, ban taɓa ciniki irin na ranar ba. Kujeru sunka cika, huɗu-huɗu ana kallon juna ana cin tuwo, ana juyawa ana kallon Injiniya ta baya, ya duƙa kamar mai neman allura, takalmi ɗaya ya fita, yana korar ƙuda da ƙafa. Warin mai ma babu wanda ya ji. Kujerar nan mai gaisuwa ta kayar da wani dillali, ya tashi ya ce a ƙaro masa miya. Mai unguwa ya zauna a wurin Alhaji, ya wanke hannu, ya ci, ya yi hamdala, ya ce, "Maccido, gonar Araba taka ce. Tarago na Tasalla ne da ɗiyanta. Jabir, mai da tulunanka."

Maccido ya tsaya a ƙofa yana leƙe ta saman kafaɗata.

"Matar yaya, ni ma sai da kwano?"

"Kai da biyu."

Ya saya. Har da ƙafar kaza.

Da rana ta take, na ga na waje sun fara raguwa, ga tukunyar sure ko taɓa ta ba a yi ba. Na zagaya wurin kai. Na sa a riƙa masa laima, na ba shi ruwa a moɗa, don ni ba muguwa ba ce.

"Injiniya, tunda kanka na waje, bakinka kuma bai san hutu ba, yi mini talla."

"Ni? Hajiya, ni da anka san ni daga Ikko har..."

"Jabir! Kana nan? Zo da wutar nan."

"Tuwo! Tuwo da zafi! Ga na shinkafa, ga miyar sure!"

Murya gare shi, Allah ya ba shi. Har daga bakin iyaka anka riƙa zuwa.

Ana cikin haka sai ga Abdulmalik bakanike a bayan babur, rungume da jak. Lawwali ya hango shi tun daga nesa, ya fara kuka da dariya a haɗe.

"Hajiya! Hajiya, ga jak ya iso! Abdulmalik, ɗan albarka, nan, nan!"

Na tari Abdulmalik tun kafin ya sauka. Na karɓi jak na ba Baraka ta zauna a kai. Na kai shi kujera mai kyau, na zuba masa tuwo da cinyar kaza, na ce ya sha hanya, ya ci a hankali, kada ya ƙware. Sannan na leƙa tukunya, na zagaya waje.

"Hajiya, don girman Allah, ga jak can!"

"Na gan shi, Injiniya. Saura rabin tukunya. Ɗaga murya, mutanen kara ba su ji ka ba."